Tukunyar Ɗari a Dogon Dutsi

Duk wanda ya sauka Dogon Dutsi a watan Janairu, in dai ya dace da masauki, da wuya ya bar garin ba a yanka masa kaza ba. Za a kawo masa ita a kwano mai murfi, romo ja mai kauri, dankalin turawa ya nuna har gefensa ya fara narkewa, ga karoti, ga kabeji wanda mu a nan muke kira shu. Baƙi da yawa sun ɗauka girkin kaka da kakanni ne. Na sha jin ƴan Yamai suna yabon abincin gargajiyar Arawa, alhali cokalinsu na cikin dankalin da irinsa ya hawo jirgin ruwa daga Turai. Ni kam na girmi wannan girki a gidanmu. An haife ni a farkon shekarun 1970, kuma na yi wayo sarai, har ina zuwa lakwal, kafin dankalin turawa ya taɓa shiga tukunyar innarmu.

Kazar ita ce tsohuwa. Asalinta can kudu maso gabashin Asiya ne, amma masu tonon kufai sun samu ƙasusuwanta a Jenne-jeno ta ƙasar Mali, na fiye da shekara 1000 da suka wuce. A ƙasarmu ta Arawa, wadda ta bi kwarin Dallol Mawri daga Matankari har Tibiri da Gecheme, ba don miya kaɗai ake kiwonta ba. Kakata, uwar babanmu, ƴar wani ƙauye ce na wajen Matankari, kuma ko da ta kama salla a ƙarshen rayuwarta, ba ta saki iskokin gidansu ba. Kajinta kashi biyu ne. Akwai na baƙi da na kasuwa, akwai kuma waɗanda ko yunwa za ta kashe mutum bai isa ya taɓa ba: wani jan zakara, wata baƙar kaza, wata fara tas. Kowacce da iskar da ke da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, masu riƙe da addinin gargajiya. Adeline Masquelier, wadda ta zauna garinmu a ƙarshen shekarun 1980 tana nazarin bori, ta fitar da littafi guda a kai a 2001, lokacin da al'adar ta riga ta ja da baya a gaban Musulunci.

Sauran kajin kuwa su ne asusun mace. In yaro ya kwanta ciwo, a kama ɗaya a kai kasuwa. In sun yi yawa a sayar a sayi akuya. Saboda haka gida bai cin kazarsa haka kawai don marmari. Sai baƙo ya zo daga nesa, ko suruki, ko Salla, ko mace ta haihu. Kaka takan bi kajinta da tsaba tana kiran kowacce, ranar da baƙo ya sauka kuma ita ce za ta nuna wadda za a kama, ba ko gezau. Sabo da kaza, in ji Hausawa, ba ya hana yanka.

To me ke shiga tukunyar tare da ita a wancan zamani? Ba yawa. Gishirin Foga, da tonka, da gabu, wato ganyen albasa da aka daka aka shanya, da daudawar batso ta ƴaƴan sure, da ɗan man gyaɗa ko man shanu in akwai. A kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa a ci da tuwon gero. Da rana fura ce abincin kowa. Ɗanyen ganye kuwa na damina ne: tafasa, lalo, sure, yaɗiya. Da an yi girbi, iska ta juya, sai miya ta koma ta busassun kaya har ruwan wata shekara. Abin dariya, kaka na ganin tonka da gyaɗa da rogo da masara tare da duniya aka halicce su a Arewa, alhali dukansu daga Amurka suka tsallako bayan 1492, hanya ɗaya da tumatir da dankalin da take ƙyama. Sun dai riga su isowa ne da wasu ƙarnoni.

Ba wai ba a san ban ruwa ba sam. Dallol tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, kuma ya bar ruwansa kusa a ƙarƙashin rairayi. A wasu wurare na kwarin, in mutum ya haƙa gaba biyu ko uku sai ya tarar da shi. Mutanen Sukukutan sun daɗe da farar albasarsu, wadda masana aikin gona na Nijar ke lissafawa a matsayin iri na musamman kamar yadda ake lissafa jar albasar Galmi. Kudu kuma, wajen Gecheme da Fadama, akwai rake da rogo da dankalin Hausa. Amma a wurin yawancin Arawa noma shi ne gero. Namiji in ya cika rumbu ya gama aikinsa na shekara. Rani na gini ne da biki da farauta da kokawa, ko kuma cin rani a Najeriya da Gana.

Shu da karoti da salati da Nasara suka zo. Zuwan nasu kuwa ba da daɗi ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A lokacin ma, bisa yarjejeniyar 1898, Ingila ce ke da duk abin da ke cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato, sai da aka sake shata iyaka a 1904 da 1906 sannan Faransa ta samu hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Haka ƴan uwanmu na Kangiwa suka zauna wancan gefe, mu muka zauna wannan. Da Faransawa suka kafa bariki a Dutsi, garin ya fara shan gaban Matankari. Kumandan kuwa ba ya zama babu garka. Kakanmu na wajen uwa ya ja guga a irin wannan garka cikin aikin tilas, wanda ba a soke ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilun 1946. Yakan ce sun yi wata da watanni suna shayar da wani ganye mai naɗe kansa, ba wanda ya taɓa tunanin sa shi a baki, don a ganinsu abincin zomaye ne da Nasara. Waɗanda suka san daɗinsa ƙalilan ne: kukun bariki, da tsofaffin sojoji da suka dawo daga yaƙin Turai, da malaman lakwal, daga baya kuma ma'aikatan gwamnati bayan samun ƴancin kai a 1960. Su ne suka iya ragu, wato nama da dankali cikin romon tumatir, kuma shi ne kakan tukunyar da muke magana a kai. Talakan gari bai kula ba. Abin da aka shayar da guminka a kan dole, ba lallai ka yi sha'awarsa ba.

Yunwa ce ta sauya lissafi. Ƙasar nan ta san yunwa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yunwar fara ta 1931 wadda ta yi wa yammacin Nijar mummunar ɓarna, da farin 1973 wanda ya kashe dabbobi, ya taimaka wajen karya noman gyaɗa, ya kuma share wa sojoji hanyar kifar da Shugaba Diori Hamani ran 15 ga Afrilun 1974. Amma 1984 daban ce, don a wannan karon ƙofar da muka saba bi an rufe ta. Iyakar Najeriya ba ta fi tafiyar yini a ƙafa daga Dutsi ba, kuma duk shekarar da gero ya ƙi, can ake nufa a yi ƙwadago a auno masara da garin rogo. A Afrilun 1984 Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin ƙasarsa, ba a buɗe ba sai 1986 bayan an hamɓarar da shi. Damina kuma ta zo ta ƙi. Shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran wannan yunwa El Buhari. Na tuna jar dawar taimako ta Amurka, wadda tuwonta ke da gafi, da layin mata a ƙofar ma'ajiyar gwamnati tun asuba.

A nan ne shugaban ƙasa Seyni Kountché ya ce kowa ya koma garka. Duk inda ke da tafki ko rijiya ko fadama, a shinge a shuka. Rediyo ba ta da wata magana sai noman rani. Aka bi ta hannun samariya da ƙungiyar mata da masu unguwa, aka raba iri cikin ƴan takardu masu hoton abin da zai fito, aka raba butocin ban ruwa. Mulkin soja ne, ba a cika tambayar ra'ayin kowa ba, kuma ba zan ce duk abin da aka shuka a shekarar ya yi amfani ba. An kafa garake a wuraren da ruwa ya ƙafe tun kafin Fabrairu, an kuma bai wa mutane irin abin da ba su san yadda ake ci ba. Amma a Dutsi akwai Tapkin Saw, kuma ƙasar bakinsa laka ce mai riƙe danshi. Babanmu, wanda bai taɓa noma komai ba sai gero da wake, ya samu ɗan fegi a can. Ni da yayana mu ke ɗaukar buta kafin lakwal, ruwan da sanyi kamar ya tsinke yatsu.

Ranar da babanmu ya kawo kan shu na farko gida, innarmu ta juya shi a hannu ta ce, "Malam, wannan dafa shi akan yi ko dakawa?" Ya ce shi ma bai sani ba, malamin gona dai ya ce ana ci. Kaka ta leƙo daga ɗakinta ta ce ita kam ba akuya ba ce. Da farko yadda ake yi wa zogale aka yi masa: a tafasa, a matse, a kwaɗa da ƙuli da tonka. Har gobe haka mata ke sayar da shi a bakin tasha, kuma ni a ganina wannan kwaɗon ya ceci rayuka fiye da kowace miya. Karoti mu yara muka cinye shi ɗanye. Dankalin turawa aka gasa a toka kamar na Hausa, aka ce ba shi da zaƙi.

Wata maƙwabciyarmu ce, matar tsohon soja da ta zauna Yamai da Agadas, ta koya wa innarmu haɗa su wuri ɗaya. Abin da ya kawo kaza cikin zancen kuwa ba wadata ba ce. Duk mai kiwon kaji a karkara ya san cewa da hunturu ya busa, ciwon nan ke shigowa, wanda likitocin dabbobi ke kira Newcastle: kaza ta yi zugum, fiffike ya saki, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Kafin allurar rigakafi ta yaɗu, dabara ɗaya ce, da an ji ciwon ya shiga unguwa a sayar ko a yanka tun suna da lafiya. Watannin da ciwon ke yawo kuwa su ne watannin da garka ke bayarwa, domin shu ba ya naɗe kai, dankali ba ya yin ƴaƴa sosai, sai dare ya yi sanyi. Ga kaji ana neman rabuwa da su, ga kayan garka sun yi yawa ba mai saye. Maƙwabciyar ta ce wa innarmu, "Yaya, kama zakaran can kafin ya mutu a banza, ki kawo abin da Malam ya kawo, in nuna miki." Kaka ta tsaya a kai sai da ta tabbata ba jan nata aka kama ba.

Yadda maƙwabciyar ta yi a ranar, haka nake yi har yanzu, in ban da abu ɗaya ko biyu. Kazar gida ake so, wadda ta yi yawo ta ci tsaba da ƙwari, don ita ke jure wuta. Bayan an fige, a babbake ta a harshen wutar kara, ƙaurin nan rabin daɗin romon ne, kuma shi ne abin da mai murhun gas ba zai samu ba. A yayyanka, a sa a tukunyar dalma da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari, ruwa ya ɗan rufe ta, a bar ta kan wuta marar ƙarfi har sai cokali ya fara shiga cinya. Tsohon zakara na iya cin fiye da awa guda. A tsame naman a soya shi sama-sama a man gyaɗa, a ajiye romon. Cikin man nan a soya albasa mai yawa, a zuba jajjagen tumatir da tattasai, a yi ta juyawa har tsamin ya mutu mai ya taso. Sannan a mai da nama da romonsa. Daga nan sauran aikin sanin wa ke riga wa shiga ne. Karoti da fari, don shi ne mai taurin kai. In ya ɗan risina, dankali, a yanka shi manya don kada ya watse. Shu a ƙarshe, manyan yanka, a ɗora a sama a rufe, tururi ya ishe shi. Mai zuba su gaba ɗaya za ta sauke fate ne. Wasu na ƙara yalo ko kabewa, ni ma nakan sa kabewa in na samu mai gari, tana ɗaure romo.

Inda na saɓa da maƙwabciyarmu, Allah ya ji ƙanta, shi ne magi. Ita ta ɗauka girkin birni ba ya yiwuwa sai da dunƙule biyu ko uku, kuma a lokacin duk wanda ya waye haka ya ɗauka. Ni kuwa ɗan ƙullin daudawa nake jefawa tun wajen tafasa nama. Ƴaƴana sun ce warinta na ƙauye ne, amma ban taɓa ganin sun rage ba. Rabo kuma bai sauya ba tun zamanin kaka: cinya da ƙirji na baƙo, ƙundu na maigida, wuya da ƙafafu da kai na yara. Bambancin kawai, da can yaro na tashi da ƙafar kaza da ɗan romo, yanzu yana tashi da cikinsa cike da dankali. Kaza ɗaya da ba ta isar mutum biyar ta koma tana ciyar da gida guda. Ina jin wannan ne dalilin da ya sa girkin ya zauna, ba don mun koyi son abin Nasara ba.

Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, amma garka ba ta bi shi ba. Abin da ya riƙe ta kayan ɗebo ruwa ne. Da farko rijiyar gargajiya ce mai rushewa duk shekara, da guga da buta. Sai rijiyoyin siminti, waɗanda ƙungiyar Lutheran World Relief ta yaɗa a garaken Nijar, sannan aka koyi huda ƙasa da hannu a zura bututun roba, aiki mai arha da ya dace da wuri irin Dallol inda ruwa ke kusa. A ƙarshen shekarun 1990 aka kawo famfon taka-taka da aka sa wa suna Niyya da Ƙoƙari. Bai daɗe yana tashe ba, don ƙananan injunan ban ruwa ƴan Sin sun shigo ta Najeriya da arha, ga man fetur na bakin hanya shi ma mai arha. Mutum ɗaya da inji ya shayar da abin da goma ba su iya ba da buta. Masu garka suka kafa ƙungiyoyi, ƙawancen Dutsi da garin Orsay na Faransa shi ma ya sa hannu a harkar, har aka wayi gari in ana lissafa wuraren dankalin turawa a Nijar, bayan Bonkuku da duwatsun Abzin sai an ambaci garinmu. A shuka a Nuwamba, a haƙe bayan wata uku.

Kada dai a ɗauka mai garka ya yi arziki. Yayana ya gaji fegin babanmu ya ƙara da wani, kuma kukansa ɗaya ne duk shekara. Iri daga Turai yake zuwa, da tsada, wani lokaci a makare, in kuwa aka makara da shuka zafi zai riski dankalin tun bai ƙosa ba. In ya yi kyau kuma, na kowa ya yi kyau a mako ɗaya, motocin ƴan kasuwa su zo su faɗi farashin da suka ga dama, don sun san dankali ba ya jure zafin Afrilu a ɗakin laka. Bayan wata uku a saye shi ninki a kasuwar Yamai. A 2023 abubuwa biyu suka haɗu masa: Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin shayarwa ya tashi, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyakoki, kayan da ke biyowa ta tashar Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Masu hali sun fara komawa famfon hasken rana. Samari kuma ba su daina tafiya cin rani ba, sai dai wanda ubansa ke da fegi kusa da ruwa yana da dalilin zama.

Yayan nawa da kansa ba ya cin wannan tukunya fiye da sau uku ko huɗu a ɗari guda. Dankali mai kyau na buhu ne, wanda fartanya ta sara ko ƙanana su ke zuwa gida. Kazar kuma, yanzu da ake yi mata rigakafi tana tsallake hunturu, ta koma abin da take tun farko, asusun matarsa, ba a taɓa ta sai da dalili. A birni an samu kajin gidan gona masu nuna cikin minti ashirin, amma in aka yi wannan girki da su naman na sakin ƙashi tun karoti bai risina ba, dole a tsame shi a mai da daga baya. Daga tsakiyar Maris shu ya fara ɗaci, karoti ya yi itace, mata su yanka ragowar tumatir su shanya a kan tabarma don kauɗar bazara, miya kuma ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa har a ga abin da damina za ta yi.